Gwangwanin Madara da Yaron Yohanna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwana har na ga furfurar gemuna. Ke Asma'u, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana, ba jarabawar makaranta muke yi ba. Akwai zancen da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, wai na yi gaba da Yohanna ne don shi Kirista ne, wasu kuma su ce ƙwace mini masu kawo gyara ya yi har na rufe gareji. Duk ƙarya ce, wanda ya fara ƙulla ta Allah ya shirye shi. Ni da Yohanna kwano ɗaya muka ci tuwo tun ba mu da gemu. Abin da ya shiga tsakaninmu kishi ne tsagwaronsa, kuma a kan yayanku ne. Ba tuba na zo yi ba, don har gobe in na tuna sai na ji abin ya tokare mini ƙirji. So nake dai ku san yadda aka yi.

Tare muka koyi kanikanci a hannun maigida ɗaya a Tudun Wada. Shi daga kudancin Kaduna ya zo, da 'yar jakarsa da Hausarsa mai zaƙi. Na fi shi kunne, ya fi ni haƙuri. Ni na koya masa yadda ake kara tsinin sukundireba a jikin inji, a ɗora kunne a kan ƙotar, a ji abin da ke ciwo a ciki ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba. Shi kuwa in abu ya shige masa duhu ba ya kunyar tambaya, ko da wanda zai tambaya bai kai shi ba, halin da ni ban taɓa iyawa ba. Da aka yaye mu, na kafa nawa garejin a gindin wata darbejiya a Unguwar Dosa, shi ya tafi Rigachikun ya kafa nasa a bakin titin Zariya.

Mu a sana'armu ba a koya wa ɗan cikinka aiki da hannunka, balle ɗan fari. In ya yi kuskure, ko ka illata shi da duka ko ka ƙyale shi ya lalace. In kuma ya yi daidai, kunya ba za ta bar ka ka yaba masa ba. Kun sani ko sunan yayanku ban taɓa kira ba, sai dai in ce "kai" ko "wancan". To da ya tasa, na ga hannunsa ba ya rabuwa da sifana, sai na ɗora shi a bayan babur na kai shi Rigachikun.

Na ce, "Yohanna, ga shi nan. In ya iya, ka dawo mini da abina."

Ya ce, "To, Sale. Na san aro ka ba ni."

Aron nan ne ya ƙi dawowa. Shekaru suka tura, aka yi masa yaye, na yanka rago, na share masa wuri a gindin darbejiya, har sabon benci na sa kafinta ya buga. Sai uwarku ta zo mini da saƙo, wai yana roƙon in bar shi ya ƙara kwana biyu, akwai sababbin motoci masu waya da yawa da suke koyo tare da ogansa. Kwana biyu ya zama shekaru. Ya yi aure, ya kama haya can kusa da garejin. Ran Juma'a yakan zo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce "Baba, ina wuni", in ce "lafiya", shi ke nan zancenmu ya ƙare. Amma da ya shiga ɗakin uwarku sai bakinsa ya buɗe, ina daga tsakar gida ina jiyowa: Oga ya ce kaza, Oga ya yi kaza, jiya Oga ya ba mu dariya. Wallahi ko tuwo nake ci sai ya fita raina.

Na taɓa yi wa uwarku ƙorafi, ta ce, "Haba Malam, ai ɗa na kowa ne."

Na ce, "Na kowa ne a bakin wanda bai haifa ba."

Shekarar da abin ya fashe, gari ya cika da motocin Kwatano. Akwai wani ciwo da suke yawan zuwa da shi: mota tana tsaye a silo, inji a kunne ba a taka mai ba, sai ta kama rawar jiki kamar mai masassara, in an shiga cunkoson Kawo ta mutu a tsakiyar titi. Duk bakaniken da ke garin nan ya san inda ciwon yake, wani ɗan bawul ne da ke tsakanin bututun salansa da bakin da inji ke shaƙar iska. Bawul ɗin hayaƙi muke ce masa, don shi ke mayar da hayaƙin salansa cikin inji. Kuma duk mun san maganinsa, ko in ce abin da muka ɗauka magani. Sai ka sami gwangwanin madara, ka yanko faifai daidai bakin ramin, ka toshe, ka ɗaure ƙusoshi. Nan take rawar ta tsaya, mai mota ya tafi yana sa maka albarka. A ganinmu Turawa ne suka rasa aikin yi, in ba haka ba wane mai hankali ne zai mayar wa inji kashinsa ya ci? Gwangwanayen mai shayin unguwarmu kaf a garejina suke ƙarewa.

Akwai wani direba Bakatsine, Mudi, mai jigilar fasinja daga Kawo zuwa Zariya, na yi wa tasa motar wannan aikin. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, fuska a sake, yana jujjuya wani baƙin abu a hannu. Ya ajiye shi a kan bencin nan da na buga wa yayanku. Faifan gwangwanina ne, ya ƙone ya lanƙwashe.

Ya ce, "Malam Sale, ga ajiyarka. Rawa kam ta tsaya, amma da na ɗau lodi na hau titi sai inji ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano, ga zafi, ga wata 'yar fitila ta ƙi mutuwa a gabana. A Rigachikun na tsaya. Wani yaron Yohanna ne ya cire wannan, ya wanke bawul ɗin ya mayar. Kai, yaron nan ɗan albarka ne! Yohanna ya iya haihuwa."

Jama'a, a gaban mutane ya faɗi haka. Bai san ɗana ba ne, ina zai sani? Ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa in ce nawa ne, don ba a yin haka da ɗan fari. Na tsaya da sifana a hannu ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Ni na yi masa huɗuba, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na sayar da babur ɗina lokacin aurensa, amma yau ga shi yaron Yohanna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko gwangwanin bai dame ni ba kamar kalmar nan.

Washegari da hantsi na hau mota zuwa Rigachikun. Ban shiga kai tsaye ba, na raɓe a bayan wata bas da aka ɗage. Yayanku na tsaye a gaban motar wata malamar makaranta, an buɗe bonet. Ina kallo ya ɗauko sukundireba, ya kara a jikin inji, ya ɗora kunne, har da lumshe ido da ɗan karkatar da wuya, sak yadda nake yi. Malamar ta tambaye shi wa ya koya masa wannan dabara, ya ce, "Oga ne." Na ji kamar an watsa mini ruwan batir. Abina ne, daga kunnena ya fito, ya zaga ta Rigachikun ya iso wurin ɗana da sunan wani. Sannan ya shiga yi mata bayanin bawul ɗin, murya a sake, irin muryar da ban taɓa jin ya yi a gabana ba.

Ya ce, "Malama, kin ga in wuta ta yi wa tukunya yawa, ai toka ake ɗan barbaɗawa a kan garwashin. Toka ta riga ta ci wuta, ba za ta sake ci ba, sai dai ta rage mata ƙarfi. To haka hayaƙin salansa yake. Wannan bawul ɗin yana ɗibar kaɗan daga ciki ya mayar wa inji, ya gauraya da iska da fetur, sai wutar da ke cikin inji ta lafa. Inji ba zai yi ƙara ba, kuma gubar da yake fesa wa mutane ta ragu. In mota na silo ko inji bai yi ɗumi ba, a rufe yake. Sai an hau titi ana tafiya sosai yake buɗewa. Matsalar ita ce kunkunniya, irin ta rufin kicin. In ta taru ta riƙe shi a buɗe, hayaƙi ya riƙa shiga lokacin da ba a bukata, shi ne rawar da kike ji. In ta riƙe shi a rufe, ko wani ya toshe shi, sai ƙara da zafi. Oga ya ce ba a yanke hannu don ya yi dauɗa, wanke shi ake yi."

Gaskiya ce ya faɗa, na gane haka tun kafin ya rufe baki, kuma gaskiyar ce ta ƙara tunzura ni. Na fito daga bayan bas. Yana ganina ya yi tsit, ya durƙusa, muryar nan ta ɓace kamar an kashe rediyo. Yohanna ya taso daga ƙarƙashin wata mota yana murna, yana cewa a kawo wa Sale ruwa. Na ce ban zo shan ruwa ba.

Na ce, "Aron da na ba ka na zo karɓa."

Ya dube ni, ya dubi yayanku, ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Naka ne, Sale. Ban taɓa cewa nawa ba ne."

Ran Asabar yayanku ya iso Unguwar Dosa da akwatin kayan aikinsa. Bai yi musu ba, bai ɓata rai ba. Na samu abin da nake so, har na sa uwarku ta yi dambu. Daga nan na ɗauke ƙafa daga Rigachikun, in Yohanna ya aiko da gaisuwa in ce ina amsawa, shi ke nan. Wannan ita ce gabar da kuka ji ana faɗi. Amma me na samu? Mutum ne yake zuwa da sassafe, ya share gindin darbejiya, in na ce kwance ya kwance, in na ce ɗaura ya ɗaura. Ba ya tambaya, ba ya bayani, ba ya dariya. Masu mota suna yabon ladabinsa. Ni kuwa ina kallonsa ina tuna mutumin da na gani daga bayan bas, ina cewa a raina wancan fa, ina aka bar shi? A Rigachikun aka bar shi, wurin Yohanna. Sai kishin ya ƙaru maimakon ya ragu.

Ana cikin damina aka kawo wata mota mai irin ciwon nan, tana rawa tana mutuwa. Na san abin da ya kamata a yi, tunda na ji da kunnena. Amma sai na ce bari in gani. Na ɗauko gwangwanin madara da almakashi, na yanko faifai a gabansa, na miƙa masa na ce ya toshe. So nake ya yi mini gardama. Wallahi so nake ya ce "Baba, ba haka ba ne", ko da a gaban mai motar ne, in san cewa ni ma na isa a yi mini bayani. Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya yana kallon faifan. Sannan ya sunkuya ya saka shi, ya ɗaure ƙusoshin tsaf, ya ce, "An gama, Baba." Ya san ɓarna ce, ya yi ta da hannunsa don kada ya kunyata ni. Ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar.

Na ce wa mai motar ya je ya dawo da la'asar. Da ya tafi na ce, "Kai, cire. Nuna mini yadda ake yi."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba ba. Ya ce sai inji ya huce tukuna, muka zauna a benci ɗaya muna jira. Da ya huce ya zare wayar da ke jikin bawul ɗin a hankali, ya kwance shi ya juya mini cikinsa. Baƙi ƙirin, kunkunniya ta daskare har 'yar sandar da ke buɗewa da rufewa ba ta motsi. Ya fesa masa maganin wankin kafireta, ya bar shi ya jiƙa, ya bi shi da tsohon buroshin haƙori. Ya ce a kula kada ruwan ya taɓa ɓangaren da wayar wuta take, nan ne ake kashe bawul ɗin. Ya ɗauko guntun wayar kuloci ya zura a ramin da hayaƙin ke bi, ya yi ta murzawa har dauɗar ta zubo, ya ce in an wanke bawul an bar ramin a toshe an yi aikin banza. Ya duba 'yan tiyoyin roba ko akwai wanda ya tsage, ya sa sabon gaskit, shimfiɗar da ke hana iska tsiyayewa, ya ce tsohon ba ya komawa. Yana yi bakinsa na ƙara buɗewa, har ya fara gaya mini abin da ke tara dauɗar: baƙin mai da ya wuce lokacin juyewa, da gurɓataccen fetur, da motar da kullum tana cikin cunkoson gari ba ta samun doguwar tafiya ta fyace hancinta. Na ga fuskar nan ta bayan bas ta dawo. Sai ya ce, "Shi ya sa Oga ya ce..." Ya haɗiye sauran, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi zagi.

Muka tayar da mota, ta tsaya cak tana numfashi lafiya lau. Ni kuma na gama gane cewa in na riƙe shi zan samu mai gadon gareji, amma kullum da rabin baki zai zauna a gabana. Kada ku ce zuciyata ce ta yi fari. Ba ta yi ba. Ina jin haushin Yohanna a lokacin fiye da kullum. Na dai ga ba zan iya kallon ɗana yana haɗiye magana har in mutu ba. Da ya zo tafiya gida na ce ya ɗauki akwatinsa, gobe ya koma inda ya fito. Ya buɗe baki, na ce ban tambaye shi ba.

Ni na raka shi da kaina. Yohanna ya rame, ashe shi ma abin ya ci shi. Na ja shi gefe.

Na ce, "Ga shi nan na dawo maka da shi, ɓarawo. Amma tambaya ɗaya. Sukundireban nan da yake karawa a kunne, ka taɓa gaya masa wurin wa ka koya?"

Ya ce, "Tun ranar farko. Kullum sai na ce kunnen ubanka ne wannan."

"To me ya sa yake cewa Oga ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sale, kai ka taɓa kiran sunansa? Kunyar da ka shuka ce ta tsiro. In ba ka nan, Baba ya ce, Baba ya yi, har na gaji da jin ka."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ko a nan sai da na ji wani abu, don shi ne yake jin ana ambatona, ni ban taɓa ji ba. Bayan 'yan shekaru idona ya fara hazo, ku ƙannensa maza duk kun bi boko, ba mai karɓar sifana. Na rufe garejin da hannuna. Yanzu mai wankin mota ne a gindin darbejiyar, bencin kuma shi ne wannan da kike zaune a kai.

Saura abu ɗaya. Da matar yayanku ta haifi namiji, kowa a gidan nan ya san sunan da za a sa. Ɗan fari namiji sunan kakansa yake ci, har uwarku ta fara kiran jaririn Mai Sunan Malam. Yayanku ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce yana so ni in yi wa yaron huɗuba. Na karɓe shi a zani, na tambayi sunan da zan raɗa masa, ina jiran in ji nawa.

Ya ce, "Baba, in ka yarda, Yahaya."

Kun san Yahaya shi ne Yohanna a wurinmu. Uwarku ta kama baki. Da na ce a'a, da ya ce to, kamar yadda ya karɓi gwangwanin nan da hannu biyu. Na sani sarai. Shi ya sa na kai bakina kunnen yaron, na yi kiran salla, na raɗa masa sunan abokina da muryata, zuciyata tana tafasa.

Ranar suna Yohanna ya zo da matarsa da buhun masara. Da liman ya faɗi sunan sai ya fashe da kuka a gaban maza, ƙato da shi. Aka fito da jaririn aka ba ni, sai ga shi ya matso yana share hawaye, ya miƙo hannu biyu wai a ba shi takwaransa.

Na ce, "Kul! Ka ɗauke uban, ka ɗauke sunan. Wannan kuma sai dai ka kalla daga nan."

Mutane suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa nake. Har aka watse yaron yana hannuna, kafaɗata ta yi tsami, ban ba shi ba.